Gemun Dakta da Ɗakin Tarin Fuka

A cibiyar binciken lafiya da ke bayan babban asibiti, in ka ce Dakta kake nema sai a tambaye ka wanne, don daktocin wurin sun fi kujerun zama yawa. Amma in ka kai hannu ka shafi haɓarka, ko baƙon da ya zo jiya zai nuna maka ƙofar ƙarshe ta hannun hagu. A gaban idonsa Dakta ake ce masa, a bayan idonsa Dakta Gemu. Ya san da sunan, kuma can ƙasan zuciyarsa yana jin daɗinsa.

Gemu ne na a zo a gani. Ya sauko har maɓallin riga na biyu, baƙi ta gefe-gefe, furfura ta tsaga shi a tsakiya. Akwai masu ajiye gemu don addini, Allah ya ba su ladansu. Nasa ba shi da wannan daraja. Tun yana ɗalibi reza ta riƙa feso masa ƙuraje a wuya, ran nan ya yi fushi ya jefar da ita, iyakar tarihin ke nan. Sai dai gemun ya yi masa aikin da takardun digirinsa ba su yi masa ba. A wajen taro, in aka yi masa tambayar da bai san amsarta ba, sai ya kama shi ya shafa a hankali daga sama zuwa ƙasa, yana duban silin. Kafin ya kai ƙarshe wani mai rawar kai ya riga ya amsa, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce, "To, ka kusa."

Shi ne shugaban sashen tarin fuka. Shekara da shekaru aikin sashen bai wuce duba kakin marasa lafiya a madubin likita ba. In ana son a san ko ƙwayar cutar da ke jikin mutum tana jin magani ko ta fi ƙarfinsa, sai an raine ta a kwalba ta yi yawa, wannan kuwa ba mai yinsa a ɗaki mai taga a buɗe da fanka a sama sai wanda ya gaji da duniya. Don haka sukan ɗura kakin a kwalba, kwalbar a gwangwani, gwangwanin a kwali, a aika wata ƙasa. Sakamakon ya dawo bayan watanni. Wani lokacin mai kakin ya ji sauƙi, wani lokacin kuma ya riga ya tafi inda ba a shan magani.

Wannan ne ya sa Dakta ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen roƙon ɗaki. Ya roƙi daraktoci har ya ga bayan wasu. Ya yi jawabi gaban baƙi masu ba da tallafi har ya kai yana ganewa daga murmushinsu ko bayarwa za su yi ko hoto kawai suka zo ɗauka. Da Allah ya nufa, aka gina.

Ɗakin bai kai falon gidansa girma ba, amma in ya tsaya a bakin gilashin da ake leƙa cikinsa sai ya ji kamar wanda aka yi wa haihuwar fari. Ƙofofi biyu ne a jere, ɗaya ba ta buɗuwa sai ɗayar ta rufe. Iska tana shiga, ba ta fita sai ta bi ta matata a saman rufi. A jikin bango akwai wani abu kamar agogo mai allura ɗaya, yana nuna ƙarfin zuƙar iskar. Dakta bai cika yarda da allura ba. Sai ya yago ɗan tishu ya riƙe a ƙasan ƙofa, ya ga ɗakin ya fizge shi ciki, sannan hankalinsa ya kwanta. Safe da yamma yake yin haka, har masu shara suka fara ƙorafi. A ciki akwai akwatin gilashi mai zuƙe iska inda za a riƙa buɗe kwalabe, da akwatin ɗumi na rainon ƙwayoyin, da tukunyar ƙarfe mai turara duk abin da zai fito waje har sai abin da ke jikinsa ya mutu murus.

Dokokin shiga ɗakin shi ya tsara su da kansa, kuma ya tsaurara, don ya san mutanensa. Babba a cikinsu ita ce: ba mai taka ƙofa ta biyu sai ya ci gwajin takunkumin rufe hanci da baki. Lokacin da yake tsara wannan dokar yana shafa gemunsa, kuma ko sau ɗaya hannun bai gaya wa ƙwaƙwalwar abin da yake riƙe da shi ba.

Mai yin gwajin ita ce jami'ar kiyaye haɗurra ta cibiyar, wata gajeriyar mace da ba ta ɗaga murya, wadda kowa ke kira Hukuma. Ta taɓa korar Darakta daga ɗakin gwaji saboda ya shigo da kofin shayi. Ranar gwajin ta jera kayanta a teburin ɗakin taro: kwalin takunkumi, da wata rumfar kai ta roba mai gilashi a gaba wadda ake kifa wa mutum har kafaɗa, da 'yar kwalbar feshi. Abin da ke cikin kwalbar ba ya cutarwa, ɗaci kawai gare shi, amma irin ɗacin da maɗaci zai ɗanɗana ya sara masa. Tsarin ba wuya. Ka ɗaura takunkumi, a kifa maka rumfar, a fesa ta wata 'yar kafa. In takunkumin ya kama fuskarka ko'ina, ba za ka ji komai ba. In akwai inda ya bar hanya, harshenka zai ba ka labari. Inda ɗaci ya bi ya shiga kuwa, nan ƙwayar tarin fuka za ta bi.

Dogo, babban ma'aikacin sashen kuma sarkin tsokanarsa, shi ya fara, ya ci. Abokin aikinsa ma ya ci. Sai Auta.

Auta ake ce mata don ita aka ɗauka aiki a ƙarshe, amma uwar 'ya'ya biyu ce, kuma ita cibiyar ta tura ƙasar waje ta koyo aikin irin wannan ɗakin. Ta bar yaranta wajen mahaifiyarta ta yi watanni a can, ta dawo da rama da hannun da ba ya rawa. Binciken digirinta na uku gaba ɗaya a kan abin da za a raina a ɗakin nan yake. Siririyar fuska gare ta, hancinta kamar an zana da biro. Ta ɗaura takunkumin, ta ja igiya, ta matse ƙarfen hanci. Hukuma ta fesa.

"Anti, ina ji," in ji Auta.

Suka sake ɗauri, suka sake feshi. Ta sake ji. Hukuma ta juya kwalin tana neman ƙarami, ta aika sito a duba. Aka dawo aka ce duk abin da ke sito girmansu ɗaya ne. Ashe mai sayen kayan cibiyar ya ɗauka fuskar ɗan Adam kamar ƙwai ce, in ka ga ɗaya ka ga duka.

Auta ta koma kujerarta ta zauna, tana juya takunkumin a hannu.

"Dakta," in ji Dogo, "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta..."

"Auta ba ta da gemu. Matsa in wuce."

Hukuma ta dube shi. Malam take ce masa, don shi ya koyar da ita a jami'a. "Malam, ka san ba sai mun ɓata ruwan feshi ba. Takunkumi ba ya kama gashi. Kai ka koya mana."

"Ke dai yi aikinki. Na yi masa shiri."

Shirin shi ne, tun da safe ya taje gemun, ya shafe shi da mai, ya naɗe shi, ya ɗaure da robar gashin 'yarsa, ya cusa duka ƙarƙashin takunkumin. Takunkumin ya yi tudu kamar wanda ya ɓoye ɗan tsako a ciki. Hukuma ta kifa masa rumfar.

Feshin farko bai gama sauka ba ɗacin ya iso. Bai tsaya a harshe ba, ya zarce maƙogwaro ya nemi wuri ya zauna. A daidai lokacin ne wani tunani ya zo wa Dakta, irin tunanin da ke zuwa wa mutanen kirki ba sallama: gwajin nan ba shi da na'ura, ba shi da shaida sai bakin wanda ake gwadawa. In ya ce bai ji ba, to bai ji ba.

"Kana jin wani abu, Malam?"

"Ci gaba," ya ce. Wannan dai ba ƙarya ba ce.

"Ja numfashi sosai. Juya kai dama da hagu. Sama da ƙasa." Tana faɗa tana fesawa. "Yanzu yi magana."

Mutumin da bai taɓa ƙin a ba shi damar magana ba ya buɗe baki ya ce, "Jama'a..." Sai ya tsaya. Ta cikin gilashin rumfar yana ganin Hukuma riƙe da kwalbarta, fuskarta irin ta wadda ba ta da wani aiki yau sai wannan. Yana ganin Auta ma a bayanta, wadda feshi ɗaya aka yi mata ta faɗi gaskiya.

"Malam, kuka kake yi?"

"Farin ciki ne."

Sai tari ya ƙwace masa. Ya ɗage rumfar da hannunsa, ya fizge takunkumin, robar ta tsinke, gemun ya warware ya zubo kamar an kwance dami. "Ina ji," ya ce. "Tun ɗazu nake ji. Har a kunnena nake ji."

Dogo ya miƙo masa ruwa da ladabi. "Mai dokar barci..."

"Ƙarasa, in ka gaji da aikin nan."

Akwai mafita, kuma kowa a ɗakin ya san ta. Cikin kayan da aka kawo akwai hular iska, wadda ke rufe kai duka, da ɗan inji da ake ɗaurawa a ƙugu yana hura tsabtatacciyar iska ciki. Mai ita ba ruwansa da takunkumi, gemu ko siririyar fuska duk ɗaya ne a wajenta. Biyu aka nema, ɗaya ta iso. Ɗayar tana kan hanya. Ƙananan takunkumi ma, da Hukuma ta buga waya, aka ce za a sa su kan hanya. A cibiyar nan kuwa kan hanya wani gari ne da kaya ke zuwa su yi aure su zauna.

"Sai mu yi karɓa-karɓa," in ji Dakta. "Yau ni, gobe ita."

"Hular ta kan mutum ɗaya ce, Malam, kamar buroshin haƙori. Ita ma dokar kai ka sa."

Ya fara jin haushin mutumin da ya tsara dokokin nan.

Da maganar ta je kunnen Darakta bai ga abin tattaunawa ba. Hula ɗaya, shugaban sashe ɗaya, ina matsalar? Bayan azahar Auta ta ƙwanƙwasa ƙofar ofishin Dakta, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Dakta, na zo ne in ce kada ka damu da ni. Zan riƙa shigar da sakamako a kwamfuta kafin takunkumin su iso. Su Dogo za su iya yi min rainon, in na nuna musu ta gilashi."

Nan ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Ya yi mata jawabi mai kyau a kan haƙuri, da yadda shi ma ya jira shekaru, da cewa mahaƙurci mawadaci. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta gode, ta ja ƙofar a hankali. Ya so a ce ta buga ta.

Da yamma ya tarar da matarsa a baranda tana duba littattafan 'yan makaranta da jan biro. Shugabar makarantar firamare ce, kuma ba ta iya ajiye muƙamin a ofis ba. Ya ja kujera ya ba ta labarin duka, ya ɗan rage tsawon lokacin da ya yi yana cewa a ci gaba, ya ƙara wa jawabin haƙurin armashi.

Ba ta ɗago ba. "Ita yarinyar me ya hana ta ci?"

"Fuskarta ce siririya."

"Kai kuma?"

"Gemu."

"Hular ɗaya ce."

"Ɗaya."

Ta ja layi a ƙarƙashin wani lissafi, ta rubuta wani abu a gefe. "To, baban yara, ita me za ta aske?"

Ya kai hannu ga gemun, ya dubi silin barandar. Babu mai rawar kan da zai amsa masa.

"Ba ki gane ba ne," ya ce. "Mutum da kamanninsa. Ke kanki ba ki san abin da ke ƙarƙashin nan ba. Ni ma na manta. In aka buɗe aka tarar da abin da ba a so fa?"

"Ni da na zauna da rabin fuska har na aurar da 'ya, sauran rabin ne zai kore ni? Yara sun girma, ba inda za ni."

"Ƙurajen fa?"

"Tarin fuka fa?"

Ya tashi ya shige ciki yana cewa ba a yi wa mutum shari'a da yunwa a cikinsa. A ranar bai ƙara tayar da maganar ba, washegari ma haka. Ita ma ba ta tayar ba, wanda ya fi tayarwar ciwo.

Ran Asabar da hantsi ya ce zai je sayo ƙwan lantarki. Shagon kayan wuta yana farkon layi, shagon mai askinsa yana ƙarshe, amma sai ga shi ya wuce ta gaban mai askin, ya dawo, ya sake wucewa, ƙwan lantarkin a hannu. Mai askin ya leƙo.

"Dakta, wani abu ka yar ne a ƙofar shagona?"

Ya shiga ya zauna. Mutumin nan shi ke gyara masa gemun tun furfura ba ta shigo ba, kuma yana alfahari da shi kamar shi ya shuka. Ya yafa masa ƙyalle, ya ɗauko mataji. "A rage gefe kamar kullum?"

"A cire."

"A cire me?"

"Duka."

Mai askin ya ajiye matajin. Ya sunkuyo ya rage murya. "Dakta, tsakanina da kai. An yi maka wani abu ne a gida?"

"Aiki ne."

"Korar ka za su yi?"

"Ɗaki zan shiga."

Mutum biyu da ke jiran layi a benci suka gyara zama. Ɗaya ya ce shi dai bai taɓa jin ɗakin da ƙofarsa ta yi wa gemu kaɗan ba. Dakta ya yi musu bayanin takunkumi da kafa da ƙwayar cuta, yana kwatantawa da hannu ta ƙarƙashin ƙyalle. Suka saurara da kyau. Da ya gama, ɗayan ya ce ai ƙwayar da za ta ratsa wannan dajin ta fito da ranta, a bar ta ta shiga, ta ci halaliyarta.

Mai askin ya fara da almakashi yana tsaki, kamar wanda aka sa ya yanka ragon da ya yi kiwo. Gashin yana sauka a kan ƙyallen dunƙule-dunƙule. Dakta ya rufe ido. Ya ji ƙugin inji, ya ji tawul mai zafi, ya ji kumfa, ya ji reza tana tafiya a inda iska ba ta taɓa ba tun yana saurayi. Mai askin yana yi yana karatu: a riƙa bin inda gashi ya kwanta, kada a yi masa gaba da gaba, a gasa da ruwan zafi kafin a fara, kada a ja fata. In ya kiyaye, ƙuraje za su zo amma ba za su kwana da yawa ba.

"Buɗe idonka, Dakta. Abin da ya faru ya faru."

Ya buɗe. Ya yi zaton zai ga saurayin da ya jefar da reza, ko kuma marigayi mahaifinsa. Wadda ta dube shi daga madubin yayarsa ce, babbar gidansu, wadda ta yi ta jan kunnensa har ya shiga sakandare. Kumatunta ne, da 'yar haɓarta mai lotsawa a tsakiya, da bakin nan nata na wadda ta kama ka kana satar sukari. Ƙasan fuskar ya fi saman haske, kamar bangon da aka cire wa kalanda.

Masu benci suka sunkuyar da kai don girmamawa. Can ɗaya ya ce, "Allah ya mayar da alheri."

A gida matarsa tana shanya a tsakar gida. Ta juyo, ta tsaya da rigar a hannu, ta dube shi tun daga goshi har wuya. Sai ta ɗan rusuna.

"Lale, Yaya. Yaushe a gari? Ƙanin naki ya fita sayen ƙwan lantarki."

Ya so ya yi fushi, amma dariyar ta riga shi fitowa. Ta matso ta kama haɓar da yatsa biyu ta juya ta dama da hagu, kamar mai duba tumatir a kasuwa. "Ba laifi," ta ce. "Da na san haka take da tuni na sa an buɗe."

Ran Litinin ya shiga cibiyar da sauri, kansa a ƙasa. Bai tsira ba. Dogo ya gan shi a baranda, ya gaishe shi gaisuwar baƙo, ya wuce, ya yi taku kaɗan, ya dawo da baya ya dafa bango. Kafin Dakta ya kai ƙofarsa mutanen sashen jini da na zazzaɓi duk sun tuna suna da abin ɗauka a wannan barandar.

Bai shiga ofis ba, ya wuce wajen Hukuma. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta dube shi, ta buɗe durowa ta fito da kwalbar feshi. Ya ɗaura takunkumin, ya ji robar ta kwanta a fatarsa, sanyi-sanyi. Ta zagaya ta duba igiyoyin, ta danna ƙarfen hancin da babban yatsa, ta kifa masa rumfar.

Ta fesa. Ya jira ɗacin kamar mai jiran mari. Shiru.

Ya ja numfashi, ya juya kai, ya ɗaga, ya sunkuya har gwiwarsa ta yi ƙara. Yana lura tana fesawa fiye da yadda ta yi wa kowa, ya ƙyale ta, don ya san bashin wane feshi ake biya.

"Yi magana, Malam."

Ya fara da tarihin sashen tun yana ɗaki ɗaya da madubi ɗaya. Ya shiga zamanin darakta na farko. Yana shirin shiga na biyu ta ce ya isa.

"Ba ka ji komai ba?"

"Ko kaɗan."

"To sa yatsa ka ɗaga gefen takunkumin."

Ya ɗaga. Ɗacin ya faɗo masa baki gaba ɗaya, ya yi tsalle ya fizge rumfar yana tofar da yawu a hankici. "Wannan kuma na mene ne?"

"Don in tabbatar harshen yana aiki. Ka ci, Malam. Amma kullum za ka shiga sai an aske da safe. In na ga tsiro, a waje za ka tsaya."

Ya je sito da kansa ya ɗauko kwalin hular iskar, ya kai teburin Auta ya dire. Tana buga kwamfuta, ta ɗago. Ta dubi kwalin, ta dubi fuskar, ta sa hannu biyu ta rufe baki. Kafaɗunta suka fara rawa. Ya tsaya yana jira ya ga ko dariya ce ko kuka, ya lura ita ma ba ta tantance ba.

"Dakta... Allah ya saka da alheri."

"Zafin gemun ne ya dame ni," ya ce. "Ki sa injin a caji, ba a fafe gora ranar tafiya."

Ranar da aka fara aiki a ɗakin su biyu suka shiga, Dogo yana tsaye a bakin gilashi daga waje, don ƙa'ida ce wani ya riƙa kallo. Suka sa riguna masu ɗauri ta baya, da safar hannu biyu-biyu, da rufin takalmi. Ƙofa ta farko ta rufe, ta biyu ta buɗe, iska ta ɗan tura su ciki ta bayan wuya. Auta cikin hularta kamar mai shirin tafiya wata, injin ƙugunta yana ƙugi a hankali. Dakta ya ja numfashi ya saki, tabaransa bai yi hazo ba, alamar takunkumin ya zauna daram.

Kujera ɗaya ce a gaban akwatin gilashin. Ya dube ta, ya dubi hannun Auta, ya ja kujerar baya ya nuna mata. Ta zauna ba gardama. Ta goge cikin akwatin da maganin kashe ƙwayoyi, ta jera kayanta, masu tsabta a hagu, kwandon shara a dama. Shi aikinsa ya ɗauko kwalba daga mazubi, ya karanta lambar da ke jikinta da ƙarfi, ya goge ta, ya miƙa.

"Dakta, ɗan matsa baya. In ka wuce da sauri kana karya iskar akwatin."

Ya matsa. Shugaban sashe guda, an sa shi goge kwalba, kuma ya duba cikin ransa ko'ina bai tarar da ɓacin rai ba.

Ya ɗauko ta farko. Kakin wani ne da ba su san fuskarsa ba, wanda aka kawo daga asibitin da ke gabansu da safen nan, yana can a kan gado yana jiran a gaya wa likitansa wane magani zai yi masa. Ya karanta lambar, Auta ta maimaita, ta karɓa, ta kai can cikin akwatin, ta murɗe murfin a hankali.

Daidai nan haɓar ta fara ƙaiƙayi. Ba ƙaramin ƙaiƙayi ba, irin na sabon aski da gumi ya taɓa, a ƙarƙashin takunkumi, inda hannu ba shi da izinin zuwa sai an fita an wanke. Ya motsa muƙamuƙi hagu, ya motsa dama. Ta bayan gilashi Dogo yana tambayarsa da hannu ko lafiya.

"Dakta, magana kake yi?" in ji Auta, idonta na kan aikinta.

"Haɓata ce ke ƙaiƙayi."

"Sai haƙuri. Da sauran kwalabe da yawa."

Ya dubi mazubin, cike yake har baki, kuma gobe wasu za su zo. Ya ɗauko ta biyu, ya ɗaga ta saitin fitila, ya karanta lambar.